Ƴan Agajin Majami'u Bayan Bala'i: A Yaba, Amma A Yi Lissafi

Duk mai bin labarun duniya ya san cewa bala'i hawa biyu gare shi. Hawa na farko shi ne ranar da ruwa ya ci gari, ko guguwa ta yaye rufi, ko ƙasa ta girgiza. Ranar nan ƴan jarida suna wurin, magabata suna wurin, alƙawura kuwa suna zuba kamar ruwan Agusta. Hawa na biyu shi ne wata shida bayan haka, lokacin da masu ɗaukar hoto suka koma gida, ministan da ya zo jaje ya shiga wata sabga, aka bar magidanci tsaye a kan kufai yana lissafin kuɗin siminti da kwano, ga iyali a cikin ajin lekol, ga shugaban makaranta yana tuna masa cewa yara za su koma karatu.

A wannan hawa na biyu ne ake ganin wasu mutane da ya kamata mu tsaya mu dube su da idon basira. Su ne ƴan sa kai na majami'un Kirista, galibinsu daga Amurka, waɗanda kan ɗauki hutun aikinsu, su biya kuɗin tafiya daga aljihunsu ko daga gudummawar ƴan majami'arsu, su je inda masifa ta faɗa, su kwashe laka, su kafa rufi, su ɗora bango. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow na jami'ar Princeton ya ƙiyasta, a wani littafi da ya fitar a 2009, cewa kimanin Amurkawa miliyon 1.6 ne ke fita ƙasashen waje kowace shekara a irin wannan gajeruwar tafiya ta mishan, wadda yawanci ba ta wuce mako ɗaya ko biyu. Ba duka ke zuwa wuraren bala'i ba, amma adadin ya isa ya nuna cewa al'amarin ba ƙarami ba ne.

A nan gida, idan aka ta da zancensu, mutane kan rabu biyu. Wasu su ce mutanen kirki ne, a buɗe musu ƙofa ba tambaya. Wasu su ce ai buhun shinkafar nan ƙugiya ce, a kore su tun daga filin jirgi. Ra'ayina shi ne duka ɓangarorin biyu sun ɗauki hanya mai sauƙi. Akwai abin yabo na gaske a aikin nan, akwai ɓarnar kuɗi da ya kamata ɗan kasuwa ya gane da kallo ɗaya, akwai kuma iyakar da bai halatta kowa ya tsallake ba. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da aka gani a New Orleans

Ranar 29 ga watan Agusta na 2005, mahaukaciyar guguwar da aka raɗa wa suna Katrina ta afka wa gaɓar kudancin Amurka. Madatsun da ke kare birnin New Orleans suka ɓalle, ruwa ya mamaye kimanin kashi 80 cikin 100 na birnin, sama da mutum 1,300 suka rasu, hasarar dukiya ta kai wajen dalar Amurka miliyar 125. Duniya ta ga ƙasar da ta fi kowa arziki ta bar talakawanta kwana da kwanaki a kan rufin gidaje da cikin filin wasa, ba ruwa ba abinci. Abin ya kai ga shugaban hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ya ajiye aiki a watan Satumba na shekarar.

Waɗanda suka cike giɓin da gwamnati ta bari, da yawansu ƴan majami'u ne. Ƴan ɗariƙar Baptis ta Kudu, masu riguna da huluna ruwan ɗorawa, sun iso da manyan motoci ɗauke da madafai, suka dafa abinci sama da kwano miliyon 14 a lokacin guguwowin shekarar nan. Ƴan ɗariƙar Menonayit, waɗanda da yawansu manoma ne da kafintoci, sun kafa sansani suka share shekaru suna gyara gidajen tsofaffi da naƙasassu da marasa inshora. Ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda wasu ma'aurata Kiristoci suka kafa a 1976, ta gina unguwa guda mai gidaje sama da 70 a birnin. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ya rasu a 2024 yana da shekara 100, ya fara riƙe guduma tare da wannan ƙungiya tun 1984, ya ci gaba har ya haura shekara 90. Yabon gwani ya zama dole. A ƙasashenmu, tsohon shugaban da ya taɓa ɗaukar bulo a kansa domin talaka, sai a kunna fitila a neme shi.

To amma me ya sa aikin ya yi tasiri? Ba tausayi kaɗai ba ne, domin tausayi kowa yana da shi. Shiri ne. Ƙungiyar agaji ta Menonayit ta samo asali tun 1950 a wani ƙaramin gari na jihar Kansas. Ta ƴan Baptis ta fara a 1967 a Texas, bayan wata guguwa. Ke nan kafin Katrina ta zo, sun yi shekaru aru-aru suna horar da mutane, suna ajiye kayan aiki, suna riƙe da jerin sunaye: wane ya iya wutar lantarki, wane ya iya zarto, wane ya iya tuƙa babbar mota. Tun 1970 kuma ƙungiyoyin sa kai na ƙasar suka kafa wani dandali guda na haɗa kai, bayan sun ga yadda a guguwar 1969 aka riƙa cin karo da juna, unguwa ɗaya ta sami agaji sau biyu, wata ko sau ɗaya. A wurin gini, masu zuwa na mako guda suna canzawa, amma shugaban aiki ƙwararre yana nan daram, shi ke riƙe da ma'auni, shi ke karɓar sabon ayari ya ɗora shi daga inda na baya ya tsaya.

Akwai wani abu kuma da ma'aikatan gwamnatinmu za su so su ji. A dokar agaji ta Amurka, ana rubuta sa'o'in da ƴan sa kai suka yi aiki, a yi musu ƙima da kuɗi, a cire daga kason da ya wajaba ƙaramar hukuma ta biya. Wato zufar ɗan sa kai tana shiga littafin baitulmali. Saboda haka magajin gari da kansa ke neman su, ya ba su masauki, ya riƙe rajistarsu.

Sai a lura da abu ɗaya: duk wannan a gida aka yi shi. Mai aikin da mai gidan harshensu ɗaya, dokar gininsu ɗaya, kayan aikin da ya saba da su su ya tarar, tafiyar kuma ta mota ce. Idan rufin ya yi yoyo bayan shekara, an san ƙofar da za a buga.

Idan tafiyar ta ƙetare teku

Da zarar ayarin ya hau jirgin sama, lissafi ya canza. A watan Oktoba na 1998 guguwar Mitch ta ragargaza ƙasar Honduras, ta kashe dubban mutane, ta rushe gidaje ba iyaka. Majami'un Amurka da Kanada suka riƙa tura ayari bayan ayari domin gina gidaje. Bayan ƴan shekaru, wani malamin jami'a mai suna Kurt Ver Beek, wanda shi kansa Kirista ne kuma mazaunin ƙasar, ya bi sawun aikin ya fitar da sakamakon bincikensa a 2006. Abin da ya gano shi ne: ayari guda kan kashe kimanin dalar Amurka 30,000, mafi yawa a kuɗin jirgi da masauki da abinci, domin gina gidan da ƙungiyoyin ƴan ƙasa ke ginawa da dalar Amurka 2,000. Idan muka ɗauki canji a kan sefa 600, miliyon 18 ke nan a gefe guda, miliyon ɗaya da jikka ɗari biyu a ɗaya gefen. Kuɗin gida goma sha biyar aka zuba a gida ɗaya. Da ya tambayi waɗanda aka gina wa gidajen, bai ga wani bambancin a zo a gani ba tsakanin wanda baƙi suka gina wa da wanda ƴan ƙasa suka gina wa. Da ya duba su matafiyan, bai ga kyautarsu ta ƙaru wani abin kirki ba bayan sun koma gida.

Wane ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi zai biya kuɗin mota ninki goma sha huɗu na kuɗin kaya, ya dawo ya ce ya yi ciniki?

Ɓarnar ba ta tsaya a kuɗin jirgi ba. Garin da bala'i ya faɗa wa, abin da ya fi yawa a cikinsa shi ne hannuwa marasa aiki. Magini yana nan, mai walda yana nan, mai amalanke yana nan, samari majiya ƙarfi suna zaune a gindin bango. Abin da babu shi ne kuɗin da za a biya su. Idan ɗaliban jami'a goma sha biyu da ba su taɓa kwaɓa siminti ba suka zo suka yi aikin kyauta, sun ɗauke wa maginin gari kwangilarsa a daidai lokacin da ya fi bukatarta. Da a ce an biya shi, da kuɗin sun zagaya: ya sayi hatsi wurin mai awo, ya biya bashin mai kanti, ya kai ɗansa asibiti. Haka nan kayan da ake cikowa da su daga waje, tufafi da takalma da barguna, sukan kashe kasuwar mai sayar da irinsu a garin.

Masu kare wannan tafiye-tafiye suna da hujja, kuma adalci ne a kawo ta. Suna cewa kuɗin jirgin nan da ma ba za a bayar da su ba in ba don tafiyar ba. Kaka takan buɗe jakarta domin jikanta zai tafi, ba za ta buɗe ta domin wata ƙungiyar da ba ta sani ba. Suna cewa gani ya kori ji, kuma da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin da suka ƙare rayuwarsu a ƙasashe matalauta, da tafiyar mako biyu suka fara. Suna cewa wanda gidansa ya rushe yakan ji sanyi a ransa idan ya ga wani ya taso daga nesa dominsa. Duk wannan gaskiya ne. Amma idan haka ne, a kira abin da sunansa. Tafiya ce ta ilmantar da matafiyi, kuma babu laifi a cikin neman ilimi. Laifin shi ne a rubuta kuɗinta a shafin agaji, a je a gaya wa duniya cewa an kashe wa matalauta miliyon kaza, alhali kamfanin jiragen sama ne ya kwashe kaso mafi tsoka.

Majami'un da kansu sun fara wannan muhawara. Littattafai irin su When Helping Hurts na 2009 da Toxic Charity na 2011, Kiristoci ne suka rubuta su domin ƴan uwansu, kuma sun sa majami'u da yawa sun rage yawan matafiya, sun koma tura ƙwararru kaɗan da kuɗi masu yawa ta hannun ƴan ƙasa. Wannan alama ce ta lafiya, kuma abin koyi ce ga duk wata ƙungiyar agaji, ko ta wane addini ce.

Iyakar da ba a tsallakewa

Ɓarnar kuɗi ana gyara ta. Akwai abin da ya fi ta muni. Ranar 12 ga watan Janairu na 2010 girgizar ƙasa ta rugurguza babban birnin Hayiti da kewayensa, ta kashe mutane fiye da dubu ɗari ko a mafi ƙarancin ƙiyasi, ta bar kimanin miliyon ɗaya da rabi ba matsuguni. Kafin watan ya ƙare, aka kama wasu Amurkawa goma ƴan ɗariƙar Baptis, yawancinsu daga jihar Idaho, a kan iyaka, suna ƙoƙarin fitar da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominikan ba tare da takardun hukuma ba. Sun ce marayu ne. Bincike ya nuna akasarin yaran suna da uwa ko uba a raye, waɗanda talauci da ruɗanin bala'i suka sa suka miƙa ƴaƴansu bisa alƙawarin makaranta. An saki tara daga cikinsu, jagorar tafiyar kuma kotu ta same ta da laifi kafin a sallame ta a watan Mayu.

Kafin wannan, bayan igiyar teku ta ranar 26 ga watan Disamba na 2004, wata ƙungiyar mishan ta jihar Virginia ta nemi gudummawa da shelar cewa za ta kwashi marayu 300 na lardin Aceh, ƴaƴan Musulmi, ta rene su a gidan marayu na Kirista. Gwamnatin Indunusiya ta taka birki, aka janye shirin a watan Janairu na 2005.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan cuta ta majami'a ce kaɗai. Mu nan maƙwabtan Cadi ba mu manta da abin da ya faru a Abeshe ba a watan Oktoba na 2007, inda aka tsare ƴan ƙungiyar Arche de Zoé ta Faransa, wadda ba ta addini ba ce, suna shirin ɗaga yara 103 zuwa Turai da sunan marayun Darfur, alhali yawancinsu ƴan Cadi ne masu iyaye. A Hayiti ɗin ma, cutar kwalara da ta kashe kusan mutum dubu goma daga watan Oktoba na 2010, daga sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito, kuma sai a 2016 Majalisar ta nemi gafara. Cutar ita ce tunanin cewa kyakkyawar niyya ta isa ta maye gurbin doka, kuma ƙasar da ke cikin masifa ba ta da mai ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Batun wa'azi kuwa, a yi masa adalci. Babu aibi mutum ya yi alheri domin imaninsa. Mai fitar da zakka da mai gina rijiya sadaka, domin Allah suke yi. Babu aibi kuma mutum ya faɗi abin da ya yi imani da shi idan an tambaye shi. Aibin shi ne a haɗa buhu da aƙida, a sa mai jin yunwa ya saurari huɗuba kafin a auna masa, ko a sa sunan wanda ya shiga addu'a a saman jerin masu samun kwano. Wanda ruwa ya ci gidansa ba ya cikin halin da zai ce a'a, kuma amincewar da aka karɓa daga wanda ba ya iya cewa a'a ƙwace ce. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙa'idar aikin agaji ta duniya da aka fitar a 1994, wadda ta haramta amfani da agaji domin yaɗa wani ra'ayi na siyasa ko na addini, da hannun manyan ƙungiyoyin Kirista aka rubuta ta: Caritas, da Catholic Relief Services, da Tarayyar Luteran ta Duniya, da Majalisar Majami'u ta Duniya, tare da ƙungiyar Red Cross da wasu. Saboda haka idan muka nemi baƙo ya kiyaye wannan iyaka, ma'aunin gidansu muka ɗauko masa. Kuma ma'aunin nan ya hau kan kowa: ƙungiyar Musulmi da ke raba agaji ga ƴan ɓangarenta kaɗai, da ɗan siyasar da ke buga hotonsa a jikin buhun shinkafar da ba da kuɗinsa aka saya ba, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Abin da Maraɗi da Galmi suka sani

Mu a Nijar ba sai an ba mu labarin ƴan mishan ba. Asibitin Galmi, da ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950, ya yi wa Musulmi fiɗa da ba su ƙidayuwa, har daga ƙetaren iyaka. Cibiyar Danja kusa da Maraɗi ta karɓi kutare a zamanin da danginsu ma ke gudunsu. Waɗannan ba aikin mako biyu ba ne. Aikin mutanen da suka zauna ne, suka koyi Hausa, suka binne ƴan uwansu a ƙasar nan, suka horar da ƴan ƙasa.

Misali mafi ƙarfi shi ne na Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya masanin noma da ya zo Maraɗi a 1981 ƙarƙashin wannan ƙungiya. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, har a 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara, tohon kututturan manyan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan aka bar ƴan rassa aka rage sauran, itace ya dawo. A yunwar 1984 aka haɗa wannan dabara da rabon abinci: ka bar itatuwa a gonarka, a ba ka hatsi. Da rabon ya ƙare, manoma da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda ba su sare ba suka ga gonarsu ta riƙe damshi, ga itacen girki, ga abincin dabbobi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Haka sassaben zamani ya bazu daga gona zuwa gona, ya haɗu da abin da manoman Magarya da Matamai da Mirya ke yi da gawo da kansu, har masana suka ƙiyasta an farfaɗo da kimanin hekta miliyon 5 da itatuwa miliyon 200. Rinaudo ya yi kusan shekara 17 a ƙasar nan, ya kuma sami babbar lambar yabo ta duniya a 2018.

Darasi biyu ne a wannan labari. Abin da aka saya da buhu, ranar da buhun ya ƙare ya ƙare. Abin da mai gona ya gani da idonsa ya karɓa, shi ya tsaya. Sannan baƙon da ya amfane mu shi ne wanda ya daɗe har ya gane kuskuren hanyarsa ta farko. Mai mako biyu ba ya daɗewa har ya ga bangon da ya ɗora ya tsage.

Akwai kuma wanda ake mantawa da shi a wannan muhawara: Kiristan gida. Bisa ƙidayar 2012, Kiristocin Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Maƙwabtanmu ne, malaman makaranta ne, ma'aikatan lafiya ne, abokan ciniki ne. A ranakun 16 da 17 ga watan Janairu na 2015, a Damagaram da Yamai, an ƙona majami'u da dama, mutum goma suka mutu, a kan wani zane da wata jaridar Paris ta buga, jaridar da ba ta da alaƙa da kowace majami'a. Abin kunya ne da bai kamata a sake gani ba. Yana kuma nuna wa baƙo cewa idan ya yi sakaci ya shuka zargi ya hau jirgi, wanda zai girbe ba shi ba ne. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

Ina gayyarmu?

Damanar 2024 ta kashe kusan mutum 400 a ƙasar nan, ta shafi sama da miliyon ɗaya da rabi. Jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya ruguje a farkon watan Satumba. Sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, domin ajujuwa sun zama masauki, wasu kuma sun faɗi. Shekara huɗu kafin nan, a 2020, kogin Kwara ya ɓalle madatsa ya shiga unguwannin Yamai. Wannan ba tarihi ne da ya wuce ba. Kowace damana tana iya maimaita shi.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace. Duk ayarin da ya zo da niyyar gini, ko daga majami'a ko daga masallaci, a karɓe shi da mutunci, amma ya fara da ofishin magajin gari. Jerin waɗanda za a gina wa, kwamitin unguwa ne zai tsara shi, da mai unguwa da liman da wakilin Kiristoci inda suke da wakiliyar mata, a karanta shi a bainar jama'a, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ɗauki maginan gari a biya su, a sayi siminti da kwano a kasuwar gari. Baƙo ya kawo abin da ba mu da shi: injiniya, likitan fiɗa, masanin magudanar ruwa. Kada a sake gina gida a bakin ƙorama ko cikin fadama don kawai nan ne filin yake. Kada yaro ko ɗaya ya bar hannun danginsa sai da hukuncin alƙali. A ƙarshen aiki a manna lissafi a ƙofar ma'aikata: nawa aka tara, nawa ya tafi a hanya, nawa ya shiga bango. Ma'aikacin da ya nemi na goro kafin ya sa hannu a takardar kayan agaji, a hukunta shi a fili, domin wanda ya ci daga kwanon wanda ruwa ya cinye ba shi da bakin zargin baƙo.

Babban aikin kuwa namu ne. Abin da ƴan Baptis da Menonayit ke yi a ƙasarsu, kakanninmu suna da shi, sunansa gayya. An san yadda ake buga ganga gari ya fito ya rufe wa gwauruwa ɗaki ko ya nome wa mara lafiya gona. A zamanin Janar Seyni Kountché an farfaɗo da samariya, ta gina ajujuwa ta share tituna, sai dai da yake daga sama aka ɗaura ta, da wanda ya ɗaura ta ya kau sai ta kwance. Abin da ya rage mana shi ne mu ɗauki gayya mu ba ta abin da su suka ba tasu: rajista, horo, ma'ajiyar kayan aiki da asusu. Me zai hana kowane babban masallacin Juma'a da kowace majami'a su riƙe jerin magina da kafintoci da direbobin da ke cikinsu? Me zai hana ƴan kasuwar Maraɗi da Tawa da Damagaram, waɗanda ake sani da buɗaɗɗen hannu a watan azumi, su ware wani abu tun watan Mayu, a ajiye baro da shebur da tamfol da injin zuƙe ruwa kafin hadari ya haɗu? Me zai hana ƙungiyoyin ma'aikata su nemi a ba duk wanda ya yi rajista kwana uku na hutu a shekara domin wannan aiki, a kuma rubuta sa'o'insa kamar yadda ake rubuta kuɗi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwa ɗari ma ba sa ɗauka idan ba wanda ya kira su tun kafin iska ta taso.

Mutumin da ya bar gidansa a Kansas ya zo ya ɗauki bulo dominmu ya cancanci godiya da ruwan sha da gaskiya. Gaskiyar ita ce kuɗin jirginsa za su fi amfani a hannun magininmu, kuma imaninsa nasa ne, namu namu ne. Amma kafin mu faɗa masa haka da ƙarfin murya, sai mun iya nuna masa tamu rundunar. Allah ya kawo mana damana mai albarka, ya kiyaye mu daga sharrin ruwa, ya ba magabatanmu kunnen ji.